Ni da Mai Gado Bakwai

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Ummanki zuwa ga 'yata ɗaya tilo, mai sunan mahaifiyata. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane?

Kin ce in riƙa rubuto miki takarda ina ɗaukar hotonta ina turowa, tunda a waya maganata fita take kamar mai tauna tsumma. To ga ta nan, da hannun hagu. In kin ga haruffan suna tangaɗi kada ki ɗora wa ciwon laifi duka. Tun da na bar makaranta a aji huɗu haka suke, ciwon dai ya ƙara musu ƙwarin gwiwa.

Yau kwana arba'in da ɓarin jikina na dama ya shanye. Ƙafa ta fara jin magana, da sanda ina kai kaina banɗaki. Hannu kuwa ya ajiye aiki ko sallama babu. Shekara talatin da shida yana riƙe hantsaki yana ɗaukar kusar agogo da ba ta kai ƙwayar gishiri ba, yau cokali ya fi ƙarfinsa. Agogon wani direba yana nan a buɗe a kan teburin shago, yadda na bar shi ranar da na faɗi.

Jiya mun je asibiti gashin ƙashi. Lambata sittin da uku, ma'aikaci ɗaya. Da layi ya zo kaina ya ɗaga hannun, ya sake shi, ya faɗi. Ya ce, "Baba, a riƙa motsa shi." Na ce, "Ɗana, da yana motsuwa me zai kawo ni?" Bai yi dariya ba, ban kuma ga laifinsa ba, mutane ne cike a bayana. Minti bakwai cif. Na duba, kin san sana'ata. An ce mu dawo wata mai zuwa.

Na ce masa 'yata ma irin aikinsa take yi a waje. Ya ce, "Ashe ka huta."

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, tsohon mai gyaran agogo, sabon bahago.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta takardarka sau uku.

Kada ka karaya. Akwai wani dattijo sa'anka a sashenmu, a gado na bakwai. A mako ɗaya kuka faɗi kai da shi, shi ma ɓarin dama ne. Tun kwana uku da faɗuwarsa muka fara masa gashi. Ni nake duba hannunsa, minti arba'in da biyar da safe, haka da yamma. Wata ma'aikaciya tana koya masa magana, akwai kuma ɗan kicin da yake gwada haɗa shayi. Jiya ya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Na faɗa maka ne don ka san hannu yana dawowa.

Amma watannin farko su ne masu daraja, in suka wuce gaɓoɓi kan ƙage. Kullum Umma ta buɗe maka yatsun a kan tebur, ta danna a hankali, ko da kana jin zafi. Na nemi hutun mako uku nan da wata biyu da rabi. Zan zo in kama hannun nan da kaina.

A gaida Umma.
'Yarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, har da waɗanda ba a koya wa haɗa shayi.

Na yi lissafi. Minti casa'in a rana. Abin da Mai Gado Bakwai yake samu daga safe zuwa yamma, ni sai na yi wata goma sha uku ina bin layi. Allah ya ba shi lafiya, ban ce komai ba. Tambaya ce kawai. Shi ya goya ki a keke zuwa makaranta? Shi ya yi kwana tara yana miki fifita lokacin ƙyanda? Yatsun nan da kike murza masa nasa da su, wa ya koya musu riƙe fensir? Ni da ban iya ba ma na koya miki.

Shekaranjiya na zauna ina ƙoƙarin hango fuskarsa. Na ba shi sanƙo da ƙaton hanci. In ba haka yake ba kada ki gyara mini.

Kicin kuma! Ni shekara sittin da biyu ba a taɓa barina na taɓa butar shayi ba, ga wani an gina masa nasa don ya yi ɓari.

To ki gaya masa, maɓalli ɗaya ba abin a buga a jarida ba ne. Ni uku na ɓalla yau da safe, ba likita, ba kicin. Jiya na ci abinci da dama. Rabin takardar nan ma da ita na rubuta, sai ki nemo wane rabin. Ki bar damun Ummanki da tambaya, hawan jininta ya ishe ta.

Shi nawa ya ɓalla wannan makon?

Mahaifinki na asali.

*

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Wallahi takardunka huɗun nan na baya sun sa ni kukan murna, musamman ta jiya da ka ce ka koma shago har ka rufe agogon direban. Ban taɓa ganin hannu ya dawo da sauri haka ba. Umma ma duk lokacin da na tambaya sai ta ce da sauƙi.

Tunda haka ne, ga wata magana. Abokiyar aikina haihuwa za ta yi, an rasa mai riƙe marasa lafiyarta. Na ba ta hutuna, ni zan zo ƙarshen shekara. Hakan ma zai sa in ga sallamar dattijon gado na bakwai, saura masa kaɗan. Ka tanadi agogona, ya fara latti, kai za ka gyara.

'Yarka mai alfahari da kai.

*

'Yata,

Gaisuwa. Ba dogon zance zan yi ba.

Da kika ce mini kin fasa zuwa ban gane dalili ba, sai da na ɗaga katifa na ga littafin da ubanki yake rubuta miki takardu. Na karanta duka. Ban san maƙaryaci na aura ba sai a shekara ta talatin da huɗu.

Hannun a dunƙule yake. Da ƙyar nake ɓamɓare yatsun in wanke, farce ya ji masa ciwo a tafi, har wari yake in na yi kwana biyu ban samu ya yarda ba. In na zo danna masa yadda kika ce sai ya yi ta ba'a har in haƙura. Maɓalli ni nake ɓallawa. Shago a kulle yake. Direban ya zo ya karɓi agogonsa a cikin ambulan, a wargaje. Bayan ya tafi ubanki ya juya fuska bango, ranar ko barkwanci ɗaya bai yi ba.

Mun koma asibiti sau biyu. Na biyun aka ce ma'aikacin ya samu aiki a waje, ba a kawo wani ba. Wataƙila ma ku haɗu.

Nawa laifin shi ne "da sauƙi". Shi ya hana ni faɗa, ni kuma na biye masa. Babu sauƙi.

Ummanki.

*

Uwata,

Sallama daga wanda aka kama. Ummanki ta ajiye littafin a gabana tare da abincin rana. Na ci abincin dai, da hagu.

Ba ke na yi niyyar yi wa ƙarya ba. Shi na yi wa, ke ce kawai a tsakani. Duk takardar da kika ambace shi sai in ji kamar an shigo gidana an zauna a kujerata. Ya ɓalla maɓalli, ya ɗaga kofi, ya sa hannu a takarda. Ni kuma ga nawa a cinya kamar kifin da ya kwana. Sai na ce to bari in riga shi ko da a rubuce ne. Na riga shi kuwa, har na kori 'yata da kaina. Wanda ya tsaya a aji huɗu ne kaɗai zai iya wannan dabarar.

Akwai kunya ma. A ce mai gyaran hannun mutane, na ubanta ne ya lalace.

Yanzu tambaya ɗaya, kuma ki amsa mini yadda kike amsa wa 'ya'yan Mai Gado Bakwai, ba yadda ake lallashin tsoho ba. Yau wata huɗu da rabi. Hannun nan zai sake riƙe hantsaki?

Mahaifinki, a yi haƙuri da shi.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Fushi nake yi, kuma ban gama ba.

Ga amsarka. Hantsaki, ba na zato. Da an fara maka yadda aka fara masa, da wataƙila. Da na zo lokacin da na shirya, da mun fi haka. Abin da zan nema yanzu shi ne hannun ya buɗe, ya daina ciwo, in Allah ya yarda ya riƙe cokali. Shi ma ban yi alkawari ba.

Na roƙi shugabarmu har ta gaji da ganina. Ta ba ni kwana goma sha takwas. Ina tafe ranar Laraba ta sama. Safe da yamma za mu yi, zai yi zafi, kuma ba'a ba ta aiki a kaina.

An sallami dattijon, da ƙafarsa ya fita. Saƙonninka kuwa ban taɓa isar masa ba, ba a yin haka a wurin aiki. Bai ma san kana duniya ba.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Maganar hantsaki na ji. Na ba Ummanki shi ta ajiye inda ba zan gani ba. Agogonki ki taho da shi duk da haka, ke ki riƙe, ni in faɗa miki inda za ki taɓa.

Wato wata uku ina tsere da mutumin da bai san an fara ba. Madalla.

Na sa an liƙa takarda a saman gadona, an rubuta Gado Ɗaya. Ki zo da hannuwanki duka biyu, kada ki bar masa ko guda.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mai Gado Ɗaya.