Taimamar Alhaji Idi

Matameye, daren Talata, watan Sha'aban, shekarar korona.

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa, Mai kashewa.

Barci ya ƙi zuwa. Alhaji Idi ya rasu da hantsi a ɗakin da aka keɓe masu cutar, kuma tun muna samari muka yi alkawari cewa wanda ya rage shi zai wanke ɗan'uwansa. Na tafi da likkafani, sai Manjo Haruna, shugaban masu jinya, ya tare ƙofa.

"Baba Malam, wallahi ba za ka shiga ba."

"To wa zai yi masa sutura, ɗana? Kai allura aka koya maka."

"Sai ka koya mini yanzu. Tsaya bakin taga."

Haka aka yi. Ya bugi ƙasa da safar hannunsa, ina faɗa yana shafar fuskar mamacin.

Na san lalura ta halatta taimama, ni kaina na karantar da babin. Amma hannun Haruna ya sauke mini alkawarina kuwa?

Allah Ya jiƙan Idi, Ya tsare Haruna. Wanda ya karanta wannan bayan raina, Allah Ya sa masoyinsa ne zai wanke shi.