Rezar da Ke Kai Baba Girbi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo gaisuwa a durƙushe kamar yadda kika koya mini, tare da fatan wannan damina ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da sanyi da yalwa. Na san ba a aika wa mutanen kabari takarda, kuma masu karanta wannan za su ce Uwani ta fara zautuwa. Su faɗa. Na gaji ne, Inna, kuma tun ina ƙarama in na gaji wajenki nake kawo ƙara.

Ƙarar Baba na kawo, shi da rezarsa.

Kin san abin askinsa na ƙarfe, wanda ya sayo a Kudu zamanin da yake zuwa cin rani, wanda ake murɗe ƙasansa a buɗe a kwantar da reza mai baki biyu a ciki. Tun da ya same shi ya yi sallama da wanzamai. Kowace Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiya, ya jingina guntun madubi a jikin buta, ya murza sabulun salo, ya aske kansa tas, ya gyara saje da ƙasan wuya. Ƙeya ma da lalube yake yin ta, ba ya neman hannun kowa.

Kin kuma san kurinsa. A majalisar ƙofar gida ba ya taƙama da gonar masara ko shanun huɗa kamar yadda yake taƙama da wannan magana: "Ni reza ɗaya ke kai ni daga shuka har girbi." Wai sirrin a tafin hannu yake. Kafin ya fara sai ya ciro ta ya wasa a tafinsa, gaba da baya, ya hura mata iska, ya mayar.

Kin tuna Malam Idi, amininsa na Ba'awa, da ya ɗauki maganar da gaske? Ya sayi irin abin, ya bi ƙa'ida, kafin a gama noman farko kansa ya zama kamar inda kaji suka yi tono. Ya zo yana mita, Baba ya kama hannunsa ya duba ya ce, "Tafinka ne ya yi taushi, Idi, ka daina riƙe fartanya." Kina tsakar gida kina tankaɗe, maganar tana tsallako katanga, kika sunkuyar da kai don kada mu ga dariyarki.

Ni kaɗai a cikin 'ya'yanki na san dalilin dariyar. Ana gab da bikina na shiga ɗakin Baba ɗauko tabarma, na tarar kin kwance abin askin kina sa sabuwar reza, shi yana gona. Ko razana ba ki yi ba. Cewa kawai kika yi, "Rufe bakinki kamar yadda zan rufe wannan." Daga baya na gane dillaliya ce ke kawo miki su cikin zare da allura, kina ɓoyewa a kwallar ƙasan jere.

Na tambaye ki yadda kike sanin lokacin canji ya yi. Kika ce, "Reza ba ta cewa ta gaji, kan mutum ne ke faɗa." Sabuwa shiru take tafiya. In ta fara ƙara kamar ana kankare ƙanzo, in kika ga yana komawa wurin da ya riga ya wuce, in ƙuraje suka feso masa a wuya washegari, to ta gama aikinta. Gashin Baba kuwa mai tauri ne, ba ta wuce 'yan Juma'o'i a kansa, da damina ma ba ta kai haka saboda tsatsa. Tsohuwar sai ta dawo hannunki, ta yanke mana farce, ta farke ɗinki, ta feƙe fensirin 'yan makaranta. Shekara da shekaru ba a taɓa neman reza a gidanmu an rasa ba, mai gidan kuma yana can waje yana cewa ɗaya ta ishe shi.

To, Inna, kin tafi bayan an zuba dawa a rumbu, ga shi yanzu masara ta kai ƙugu. A tsakanin nan ba wanda ya taɓa abin askin sai shi. Da can a kan taga yake ajiye shi, amma tun da aka share makokinki ya mayar da shi akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo, makullin yana aljihunsa. Ni kuma a watannin farko ban ma tuna da wata reza ba, kukan rashinki ya ishe ni.

A cikin hula na fara gani. Na kwaso kayansa zan wanke, sai ga busasshen jini a cikin hulunansa duka, wajen ƙeya. Da ƙyar ya yarda ya cire wadda ke kansa. Kan nan duk yanka ne, wani ya warke wani sabo, amma na ƙeya ya buɗe baki yana ruwa. Kin kuma san ciwon suga da ya kama shi tun kina nan.

Na kai shi asibiti a Kiru. Malamin asibitin ya wanke ya sa magani, ya ce mai suga ba a wasa da ciwo a jikinsa, in aka ci gaba da fama shi zai iya cin ciki, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ya ce ko a dakata da aski, ko a riƙa sa sabuwar reza. Baba ya mayar da hularsa ya ce, "Yaro, tun ba a yi maka askin suna ba nake aske kaina." Shi ke nan maganar.

'Yan uwana sun yi nasu, ba zan zalunce su ba. Yaya Habu ya taso daga Tudun Wada da kilifa, injin aski mai caji, Baba ya sa masa albarka, ya kai ta ƙarƙashin gado, tana can cikin kwalinta. Yaya Habu ya dawo da wanzami, Baba ya ba wanzamin goro ya raka shi har bakin hanya. Auwalu kuma daga Doguwa yake bugo waya yana cewa a lallaɓa shi. Ina jin sa, amma waya ba ta wanke ciwo.

Sai abin ya zama nawa. Kowace Alhamis in rufe keken ɗinki da kayan mutane a kai, in kai yara gidan maƙwabciya, in hau mashin daga Kwanar Dangora, mu bi taɓo har gida. In wanke ciwon, in sa magani, in roƙe shi ya tsallake askin gobe. Ya ce to. In na dawo wani makon sai in tarar ya sake bi ta kai. Haƙurin maigidana ya fara ƙarewa. Bayana yana ciwo, masu ɗinki sun fara karɓe yadinsu. Akwai ranar da na zauna a bakin rijiya na yi kuka, ba don tausayinsa ba, don haushinsa.

Na sha niyyar in faɗa masa gaskiya. Amma ta yaya zan dubi dattijo in ce masa abin da ya yi rabin rayuwarsa yana faɗa a gaban mutane ba haka yake ba? Kuma amanarki ce. Na ga kamar in na faɗa, na ƙwace masa ɗan abin da ya rage masa na dariya a ƙofar gida.

Makon jiya na kwana a gida. Da safiyar Juma'a ya tafi duba gona, na ɗauki rigarsa zan wanke, sai na ji makullin a aljihu. Ina da sababbin rezoji a jakata, tun tuni na saye su wajen 'yan koli a Ƙafin Maiyaki ina yawo da su. Na shiga ɗakin na buɗe akwatin. Inna, da kin ga abin da yake aski da shi. Ta yi ja da tsatsa, bakinta duk ya ɓantare, ko farce ba za ki yarda ta yanka ba. Na cire ta na sa sabuwa, na naɗe tsohuwar a takarda na jefa a masai don kada wani yaro ya taka.

Da hantsi ya zauna a buzunsa, ya kwance abin askin zai wasa kamar kullum. Ina kallonsa daga bakin murhu. Ya daɗe yana duban rezar a tafinsa, sannan ya kira ni. Na zo na durƙusa.

Ya ce, "Uwarku takan shafa mata sabulu ta bari ya bushe, don kada ta yi ƙyalli. Ke kin sa ta tana walƙiya kamar sabon kwabo."

Na ce, "Ashe ka sani, Baba?"

Ya ce, "Mutumin da ke aske kansa ba zai san sabuwar reza ba? Ita tana jin daɗin ɓoyonta, ni ina jin daɗin kurina. Ba wanda aka cuta, in ban da Idi." Har ya ɗan yi murmushi. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina waccan?"

Na gaya masa inda na jefa ta. Hannun nan ya tsaya a miƙe, sannan ya mayar da shi kan gwiwarsa a hankali. Ya ce, "Na san ta daina ci tun da daɗewa. Ita ce ta ƙarshe da ta sa da hannunta."

Wata da watanni ina jin haushin taurin kansa, ashe shi ke ce ya kasa saki, Inna. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu ya ce in bari, wai ai ke ma, Inna, can kike kai su in sun gama yawo.

Ya murza sabulu ya yi askinsa. Ya kewaye ciwon, ko ɗigon jini bai fito ba. Da ya gama ya wanke abin askin, ya share da gefen rigarsa, bai dube ni ba ya ce, "Tsufa ya zo, zan riƙa manta makullin nan a aljihu. In lokaci ya yi ki canja. Amma kada ki bari in gani."

Jiya na koma, ciwon ya fara kamewa. Ni dai har yanzu a gajiye nake, kuma hanyar nan ba ta rage tsawo ba. Amma zan riƙa zuwa.

Allah ya ji ƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljanna a kan hidimar da kika yi wadda muka gani da wadda ba mu gani ba. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ni ƙarfin da zan ɗauke shi. Ina roƙon Allah ya haɗa ku a gidan da ba a rabuwa, amma ki yi haƙuri ki ƙara jiransa, ban shirya ba tukuna.

Taki har kullum,
'yarki Uwani