Eriyar Baba Arvid

Calumet, 6 ga Afrilu

Zuwa ga uwargidana Lorna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya mai jego, yaya kuma sabon angon naki? Ki gaya masa kada ya saba, aron ki na ba shi.

Babanki jiki da sauƙi, yana cin abinci, sai dai ruɗewar tsufan nan tana nan. Wani lokaci ni ne Wendell surukinsa, wani lokaci ni ne Eino ƙanensa. Ban damu ba, an ce Eino ya fi ni kyau.

Ruwan ƙanƙarar da aka yi bayan tafiyarki ya tsinka masa eriyar rediyonsa na aika saƙo. Wayar nan da ya rataya tsakanin dogayen bishiyoyin bayan gida tun kina 'yar makaranta, ga ta yashe a ƙasa. Na san za ki ce Allah ne ya hutar da mu. Haka ma 'yan ƙungiyarsu ta rediyo suka ce. Ba wanda ya manta safiyar da ya kunna rediyo yana shelar cewa kwalekwale na nutsewa a tafki, masu ceto suka fita cikin guguwa neman Eino, wanda ruwa ya ci tun muna yara. Ɗan gidan Duane Pelkie na cikinsu, kin san sanyi ya cinye masa yatsu biyu.

To amma wa zai dubi tsohon da ya koya musu komai ya ce an rufe masa baki? Sai suka ɓullo da dabara. Yau Asabar Duane ya zo da Gordy, abokinsa na ƙungiyar, ɗauke da danƙo da dalma da zaren fatsa, wai za su harba zaren ya haye reshe, a ja igiya da shi, a ɗaga wayar. Baba na zaune a kujera cikin bargo. Suka wuni suna kuskure da gangan, suna zagin iska, alhali ko ganye ba ya motsi. Na karanta wasannin kwaikwayo da dama, ban taɓa cin karo da 'yan wasa marasa fasaha irin waɗannan ba. Baba dai ya ce in ba su kofi.

Za su dawo Asabar mai zuwa. Ni aikina riƙe zare da yin fuskar takaici.

Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Wendell

Calumet, 14 ga Afrilu

Lorna tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jariri, da fatan kuna samun barci. Hoton ya iso. Yaron ya ɗauko hancina, Allah ya ba shi haƙuri.

Kin ce mu ci gaba da dabarar har ya manta da zancen. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jiya suka dawo. Baba ya tashi da hankalinsa garau, irin ranakun nan da ke sa mutum ya zargi likita da ƙarya. Gordy ya harba ta ƙasan reshe, Duane ma haka. Sai Baba ya yaye bargo.

"Kai Duane, tun kana da gashi nake kallon harbinka. Kullum zarce reshe kake yi don rawar kai. Yaushe ka koyi harbin ƙasa? Miƙo."

"Baba Arvid, iska ce."

"Iskar gidanku. Miƙo nan."

Hannun nan da ke zubar da miya daga cokali ya ja danƙon har kunne, ya saki. Dalmar ta haye reshen da ake so, ta sauko tana lilo a gaban hancin Gordy. Na ɗauka zai ce a ɗaura igiya. Sai ya riƙe bakin zaren, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Me na yi a rediyo?"

Gordy ya tsura wa takalminsa ido. Duane ne ya faɗa masa, duka, har da yatsun.

"Wanne a ciki? Mai jan gashin nan da na koya wa ƙulla igiya?"

"Shi, Baba."

"Wane hannu?"

"Dama."

Sai Baba ya karɓi wuƙar Gordy ya yanke dalmar, ya janyo zaren daga kan reshen da kansa, ya naɗe shi tsaf. Ya ce a kwashe rediyon a kai wa yaron, in har yana iya murɗa ta. Duane ya ɗora ta a mota yana share ido. Na ce a raina, shi ke nan, mutumin ya rufe maganarsa da hannunsa, da mutuncinsa.

Yau da safe ya shiga ɗakin rediyo ya tarar da tebur wayam. Ya damƙe mini hannu: "Eino, ɓarayi sun shigo!" Na zaunar da shi, na gaya masa shi ne ya bayar, na faɗi dalili. Ya tambayi wane hannu. Ya yi kuka kamar yau abin ya faru. Da rana ya sake shiga ɗakin, ya sake kirana.

Lorna, mahaifinki ne, ke za ki yanke. In ya tambaya gobe, in ce ɓarayi ne, ya kwana cikin tsoro a gidansa? Ko in sake cire wa yaron nan yatsu a gabansa?

Ki amsa da wuri, don Allah. Ki shafa mini kan jariri.

Mijinki,
Wendell