Kada Ka Dangwala Musu Yatsa

Daga Yamai, zuwa ga ɗana Abdulmumin a Dogo.

Ina gaishe ka, da Larai da yara. Ni lafiya lau nake a gidan ƙanwarka Aliya, sai dai wani labari ya iso mini.

An ce masu farar mota sun auna gonarmu, za su shimfiɗa farantan hasken rana, wai duniya za ta bar isansi, man mota ke nan, don zafi ya ragu. To, motar tasu me take sha? Nan Yamai ban ga wanda ya ajiye babur ba. Sai an sare mana gawo uku duniya za ta yi sanyi?

Aliya ke rubuta mini, tana dariya, wai hayar gonar kawai za su yi. Na ce rubuta yadda na faɗa.

Don Allah kada ka dangwala musu yatsa. Ka ce mai gonar tana hanya. Likita ya gyara mini ido ɗaya, ya ce ɗayan sai bayan wata biyu. Na ce ɗaya ya ishe ni ganin iyakar gonata. Ka tarbe ni a tasha ranar Laraba.

Allah ya yi maka albarka.

Uwarka, Inno.