Ƙugiyar da Baba Bai Gani Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon ƙafar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni aiki. Har yanzu ina ƙarƙashin Baba mai laburare, shi a kujera, ni a tsaye. 'Yan aji biyu nake koya wa mayar da littafi gurbinsa: su dubi harafin farko, su nemi kantarsa. K da Ƙ ne suka fi ba su wuya, sai na ce musu ɗaya ya sa ƙugiya a ka, ɗayan kuma ya fito haka nan.

To Yaya, a nan na gano wani abu. Kullum da safe sai in tarar da littafin ƙuda a gidan kada. Na zaci yara ne, har na ja kunnen mutum biyu. Ashe Baba ne. Idonsa ya tafi, ba ya ganin ƙugiyar, yaushe ya fara ɓoyewa, oho. Da ya lura na gane, ya roƙe ni in rufa masa asiri zuwa ƙarshen shekara, ya yi ritaya da mutuncinsa. Na ce masa to. Amma ni ma shekara tara ke nan ina jiran kujerar nan, kuma ƙafafuna ba na ƙarfe ba ne.

Ranar Laraba shugabar makaranta za ta zo kallon darasi.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin? Na ga faɗanki, sai dai ya iso a makare. Na sani shi ya koya mana buɗe littafi ba tare da lasar yatsa ba. Sai me?

Ranar Laraba na ce wa yara yau Baba da kansa zai gwada mana. Na miƙa masa littafi goma, na ce duk wanda ya ga kuskure ya ɗaga hannu. Ya juyo ya dube ni, na dubi bango. Tun a na biyu hannuwa suka tashi. A na biyar wata mai giɓi ta tambaya ko Baba ma aji ɗaya za a mayar da shi. Shugaba ba ta yi dariya ba, rubutu ta yi. Ranar Juma'a aka ce ya je gida ya huta.

Ana cikin darasi ya ba ni mukullai. Ashe da ƙirgen taku yake yawo a ɗakin, ni kuwa tun safe na canza wa tebura wuri. Ya bugi na farko da gwiwa, ya kauce, ya bugi na biyu. Sai ya tsaya, ya miƙa hannu, ya ce wa yaran, a cikin jikokin nan nasa wa zai kai shi ƙofa. Dokar da na kafa musu ita ce, a laburare ba mai tashi, ba mai magana, sai na buga ƙararrawa. Yara talatin suka zuba wa hannuna ido, ƙararrawar tana ƙarƙashin tafina.

Ban buga ba, Yaya. Da laluben kanta ya samu ƙofar.

Kada ki tambaye ni me na ji, don ba zan yi miki ƙarya ba: alfahari na ji. Ko yaro ɗaya bai motsa ba.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Auta mai laburare