Wayar da Kwamfuta Take Nema

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya yara? Mu nan lafiya, sai kewarku.

Aikina ne ke rawa. Kin san tafintar da nake yi daga gida, likita na magana ta kwamfuta, ni ina juya wa marar lafiya. Tun da na koma aiki bayan rasuwar maigidana Injiniya, muryar ke ɗaukewa. Ba katsewa take yi ba, tsayawa take yi cak, kamar wani ya leƙo ɗaki kowa ya yi shiru, sannan ta dawo a guje. Na sa agogo a gaba na duba: duk minti ɗaya, ba fashi. Shekaranjiya ta haɗiye rabin bayanin maganin wata tsohuwa, sai da likitan ya maimaita sau uku. Shugabarmu ta ba ni zuwa Litinin, in ban gyara ba wata za a ɗauka.

Na jawo tebur kusa da na'urar intanet, na kashe na kunna, na ƙwace wayoyin yara suna ta kumbure-kumbure. Duk a banza. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, tsoron ɗakin nan nake ji ko da rana tsaka.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta.

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kin ji sauƙi.

Na kai kwamfutar wurin mai gyara, wani dattijo da tabarau a kan hanci. Ya buɗe wani baƙin shafi, lambobi suna gangarowa ƙanana, can sai ɗaya ta yi tsalle. Ya ce kwamfutar ce ke sakin aikinta duk minti ɗaya tana laluben wata waya da aka saita ta fifita a kan kowace hanya wajen samun intanet. Ya juyo min fuskarta in ga sunan. An rubuta: Auta bar min data na.

Wayar Injiniya ce. Shi ya sa mata sunan don ya tsokane ni, wai ina shanye masa data da kallon ɗinki. Kin san wayar a hatsarin motar da ya yi ajalinsa ta farfashe tare da shi. Ashe duk watannin nan kwamfutar ba ta sani ba.

Dattijon ya ce a goge sunan kawai. Na ce ya bari, na rungumo abata na fito. Jiya na zauna a gabanta ba aikin fari balle na baƙi, ina kallon lambar tana tsalle.

Taki, Auta.

Yayata,

Barka da war haka, ya gida?

Ranar Lahadi na goge sunan, da hannuna. Yara uku ba za su ci suna ba.

Jiya na yi awa shida murya ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Shugabarmu ta yaba. Sai dai wani likita ya tambaye ni me ya sa nake tsayawa a tsakiyar magana duk minti ɗaya, alhali layi lafiya lau. Na ba shi haƙuri. Ban iya gaya masa cewa yanzu ba mai neman Injiniya a gidan nan sai ni ba.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta.