Yayana Ya Liƙa Mini Kuɗi a Goshi Ina Kaɗa Gitar Bas

Baba Alfari, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Don girman Allah ka taimake ni da shawara kafin watan nan ya mutu, domin ina gab da sayar da abin da na fi so cikin duk abin da na mallaka, kuma wallahi ban san ko daidai zan yi ba.

Ni tela ne a nan Gaya, amma asalina Bengu. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami. Yayana Bawa shi ya riƙe ni, shi ya kawo ni gari koyon ɗinki, shi ya yi mini aure. Manomin shinkafa ne, mutum marar yawan magana, irin wanda in ya dube ka ya yi shiru sai ka wuni kana binciken kanka. Gidanmu kuwa tun kaka da kakanni ba a taɓa kiɗa ba. Mu ne masu ba makaɗa, ba mu ake ba.

Yadda abin ya faro, na ƙetara gada zuwa Malanbil sayen yadi, sai na hango wata gita jingine cikin tarkacen wani mai gwanjo, tsakanin matattun rediyo. Doguwa ce, ja, da tsirkiya huɗu masu kauri. Ita ake kira bas. Ba ta da zaƙin murya irin na ƙananan gitoci, gurnani take yi daga ƙasa, a ƙirji ake jin ta. Na taɓa tsirkiya ɗaya, shi ke nan, Baba, na manta da yadin. Na dawo da ita a kafaɗa, mutanen duwan, masu binciken kaya a bakin gada, suna ta yi mini dariya, wai bindiga ce ko muciya.

Daga gyaranta na koyi sana'ar. Kayan nan daga Kwatano suke zuwa, in wata ƙungiyar kiɗa ta watse ko ta samu sababbi. Jirgin ƙasa ya kawo su Paraku, kamiyo, babbar motar kaya, ya ƙaraso da su Malanbil. Iskar teku takan cinye su: kunnuwan ɗaure tsirkiya sun yi tsatsa, wuya ya lanƙwashe. Nakan ɗaga gitar in kanne ido ɗaya in bi wuyan da kallo. In ya murɗe, ko kyauta aka ba ni ba na so, in lanƙwasa kawai ya yi, ana miƙe shi. Tsirkiya sabuwa sai Yamai, ita ma ba kullum ba, don haka nakan dafa tsofaffin a ruwan zafi datti ya fita, muryarsu ta dawo. Har faɗa muka yi da matata Lami a kan tukunyarta ta miya, yanzu ta ware mini wata. In na gyara sai in sayar wa mutanen Doso ko na Kamba a Najeriya. Da yawa sun bi ta hannuna sun wuce. Jar nan ta farko ce kawai na ƙi rabuwa da ita.

Yaya Bawa ya san da cinikin, bai hana ba. Ya ce saye da sayarwa halal ne, wanda ya sayar da fatar ganga ba makaɗi ba ne. Abu ɗaya ya gargaɗe ni: in sayar, kada in kaɗa. Na amsa masa da to.

Amma Baba, ta yaya mutum zai gyara abu bai gwada shi ba? Daga gwaji, Mushe Yakuba, wani malamin lakwal, wato makarantar boko (su ake ce wa Mushe), da ya haɗa ƴar orkestar, wato ƙungiyar kiɗa, da abokansa ma'aikata, ya jiyo ni. Yana da ampili, akwatin nan mai ƙara murya, ba shi da mai bas. Na shiga. Na lallashi kaina da cewa ai ni ba maroƙi ba ne: ba na waƙa, ba na yabon kowa, can baya nake tsayawa kusa da mai ganga, babu mai duba ni. In mutane suka taso yin liƙi, goshin mawaƙi suke nufa. Ni ko sau ɗaya ba a taɓa manna mini ko tamma ba, kuma hakan ya yi mini daɗi ƙwarai. Ban gaya wa Yaya ba. Na san dai labari ba ya rasa kai wa Bengu.

To, ranar bikin jamhuriya da ta wuce, bayan la'asar, muna kiɗa a filin lakwal, an tayar da injin wuta, kumandan mai mulkin gundumarmu da manyan gari suna zaune, jama'a maƙil. Kiɗa ya yi daɗi, ina ta zufa, sai na ga mutane suna darewa. Yaya Bawa ne, cikin farar rigarsa ta Idi. Ya wuce mawaƙi, ya wuce Mushe Yakuba, ya tako har bayan fage inda nake, ya ciro kuɗin ƙarfe na dala biyar ya manna mini a goshi. Bai yi murmushi ba, bai ɗaure fuska ba, bai ce uffan ba.

Na ci gaba da kaɗawa. Hannuwana biyu suna kan gita, in na saki kiɗan kowa ya rushe. Ina jin sanyin ƙarfen a goshina, ina jin idon duk Gaya a kaina. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, ga shi ya zo ya nuna wa duniya abin da na zama: wanda ake liƙa wa. Raina ya ɓaci, na girgiza kai da ƙarfi, kuɗin ya faɗi ƙasa daidai ƙafarsa. Ya dube shi, ya dube ni, ya juya. Ko gidana bai biya ba, ga Lami ta dafa abinci. Kekensa ya hau ya koma Bengu.

Tun ranar ban je ba, shi ma bai zo ba. Matarsa Barira ta aiko mana da sabuwar shinkafa kamar kowace shekara, amma ba saƙon komai daga bakinsa. A gari kuwa na zama abin tsokana. Abokai in sun zo shago sai su riƙa lalube aljihu suna tambaya ko goshina ya bushe. Ina dariya, amma abin yana cina. Lami ta ce in je in same shi. Na ce in je in ce me? Shi ya tozarta ni. Wani lokacin kuma sai in tuna bai taɓa wulaƙanta ni ba tun ina yaro, ko da na yi abin duka a ɗaki yake kira na. Sai kaina ya ƙara ɗaurewa.

Yanzu ga wani Lawali daga Kamba, ya daɗe yana naci a kan jar gitar nan, ya ce zai dawo ƙarshen wata. Na yi niyyar in sallama masa, in bar kiɗa, in bar cinikin gaba ɗaya, labari ya kai Bengu cewa na tuba, ko Yaya ya huce. Amma duk sanda na dube ta a rataye, da gurbin da babban yatsana ya goge a jikinta, sai in ji kamar ciwo. Ina son yayana, Baba, ba ni da uban da ya wuce shi. Ina kuma son abin nan. In sayar ko kada in sayar?

Naka,
Tela Mai Tsirkiya Huɗu, Gaya

*

Ɗana Tela,

Na karanta takardarka, na tausaya maka. Amsata a gajarce: kada ka sayar a wannan watan. Ka aika wa Lawali ya dakata. Wanda ya daɗe yana naci ba zai mutu don ya ƙara haƙuri kaɗan ba.

Dalilina shi ne, kana shirin biyan tara a kan hukuncin da ba ka ji an yanke ba. Yayanka bai ce komai ba. Kai ka fassara, kai ka yi fushi, yanzu kuma kai za ka tuba, duk kai kaɗai a cikin shagonka.

Ban ce fassararka ba ta da tushe ba. A ƙasar nan liƙi daga sama yake sauka zuwa ƙasa, kuma mai gida ba ya liƙa wa ɗan gidansu. Mai yiwuwa ne ya zo da ɓacin rai. In ma haka ne, yana da hujja: ya gargaɗe ka, ka amsa masa, ka saɓa, ka bar shi ya ji a bakin mutane. Shi ke zaune a Bengu, shi ake yi wa habaici a masallaci da bakin fadama, ba kai ba. Mu da ke gari muna cewa zamani ya canza tun da muka karɓi mulkin kanmu, malaman lakwal ma suna riƙe gita ba wanda ya kira su maroƙa. Gaskiya ne, amma wannan magana ba ta gama isa ƙauye ba, kuma ba laifin Bawa ba ne.

Sai dai ka duba ɗaya gefen. Kai da bakinka ka ce mutumin nan bai taɓa kunyata ka a gaban jama'a ba. Mai son tozarta ƙanensa ba ya buƙatar wanka da rigar Idi da doguwar tafiya a keke. Ya zauna gida ya ce ba ruwansa da kai, ya isa. Wannan kuwa ya ratsa taro, a gaban kumandan, ya je ya tsaya kusa da kai inda kowa zai ce ga yayan mai kiɗan can. In kunya ce, ai ya ɗebi rabonsa. Manomi ne da bai san tafi irin na ƴan lakwal ba. Hanya ɗaya ya sani ta gaya wa mai kiɗa cewa ya ji, kuma ya yi kyau. Ina jin tsoron ita ya bi, kai kuma ka kakkaɓe ta ƙasa.

Ban san wanne ne gaskiya ba, kai ma ba ka sani ba. Mutum ɗaya ya sani, yana Bengu. Lami ta fi ka gaskiya, ka je. Kada ka ɗauki gita, kada ka ɗauki ɗan rakiya. Ka riƙa goro, ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa. Ka fara da naka laifin, guda biyu ne: ka ɓoye masa, kuma ka zubar da abin da ya ba ka a gaban mutane. Ko da wace niyya ya bayar, ƙane ba ya yi wa wansa haka. Bayan nan ka tambaye shi abin da ya nufa, ka rufe bakinka ka jira, ko zai kai la'asar bai amsa ba.

In ya ce ransa ne ya ɓaci, to ku yi magana irin ta manya. Ka gaya masa ba ka roƙo, ba ka yabon kowa, ɗinki ke ciyar da gidanka. Watakila ku tsaya a kan ka ci gaba da ciniki da kiɗan bukin gwamnati, ka bar na aure da suna inda ake liƙi. In ya kafe sai ka bari, ka dawo ka auna da kanka. A lokacin in ka sayar, ka san abin da ka saya da ita.

Amma in ya zamana yabo ya zo yi, ka sayar da gitar nan ba ka tambaye shi ba, to labarin da zai kai Bengu ba na tuba ba ne. Zai ji cewa ranar da ya taka ya zo ya karɓe ka a gaban duniya, ranar ka bar kiɗa don baƙin cikin abin da ya yi. Wannan ciwon ya fi na farko, kuma shiru zai yi da shi har ya mutu.

Ka tafi tun kafin a gama sussukar shinkafa. Allah ya sanyaya zukatanku, ya bar ku tare. Ka gaishe mini da Lami.

Baba Alfari